Ranar da Yaya Ta Yanke Sunanta

Yayata malamar jami'a ce a tsangayar aikin gona. Ni ne autan gidanmu, tayar mota nake sayarwa, don haka duk abin da zan faɗa a kan aikinta a bakin ƙofa na tsince shi.

Tsangayarsu tana da wata mujalla da ke fitowa idan injin ɗab'i ya ga dama. Ba irin wadda ake karantawa a shagon aski ba ce, hoton da ke ciki bai wuce na ganyen da tsutsa ta ci ba. Malamai ne ke rubuta abin da bincikensu ya gano su aika, kuma da waɗannan maƙalu ake auna mutum idan lokacin ƙarin girma ya zo. Wanda bai buga komai ba, a kujera ɗaya furfura za ta same shi.

Tun tana ƙaramar malama Yaya ta shiga aikin mujallar. Abin da aka fara ba ta shi ne yanke suna. A lokacin a takarda maƙala ke zuwa, sai ta sa almakashi ta datse saman shafin farko inda marubuci ya rubuta sunansa, sannan a aika wa wasu masana su tantance. Su ba su san aikin wa suke dubawa ba, shi ma bai san wa ya duba shi ba. Ta ce min ta haka ne kaɗai za ka iya gaya wa farfesa lissafinsa bai fita ba, gobe kuma ku gaisa lafiya a bakin ofis. Daga nan aka laƙaba mata Almakashi. Yau komai ya koma kwamfuta, ita ce ma babbar edita, amma sunan bai sake ta ba. Almakashin yana nan a durowa, tare da fensirin da ba ta iya karanta ko takardar magani sai da shi a hannu.

Malamai sun sha zuwa shagona su tsaya suna latsa tayar da ba za su saya ba. Can sai ka ji, "Af, ashe kai ne ƙanin Almakashi? Ko ka taɓa jin ta ambaci wanda ya duba maƙalata?" Nakan ce musu, ni da muka sha nono ɗaya, ko sunan telanta ba ta taɓa faɗa min ba.

Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata 'ya ɗaya. Ita ta raine ta tsakanin aji da tulin takardu, har ta girma ta auri wani malami a wannan tsangayar, wanda ke bincike a kan yadda za a ajiye albasa ba ta ruɓe ba. Mai Albasa nake ce masa. Mutum ne mai ladabi har ya yi yawa, idan zai gaida surukarsa sai ka ɗauka wani abu ne ya faɗi yake nema a ƙasa. Duk ƙarshen mako 'yar takan kwaso yara su wuni gidan Yaya, kuma wannan wunin ne kaɗai na san yana raba Yaya da fensir.

Da shekarar ƙarin girmansa ta zo, maƙala ɗaya ta rage masa. Ya rubuta, ya aika wa mujallar, kuma a ƙarƙashin sunansa ya sa na surukarsa. A sashensu haka ake yi. Babba ya leƙo ɗakin gwaji ya ce sannu da aiki, to ya shiga maƙala ke nan. Shi a ganinsa kyauta ya yi mata.

Ta kira ni a waya. "Auta, zo ofis."

Na tarar ta buga shafin farkon a takarda, ta danne shi da kofin shayi don kada fanka ta ɗauke. Ta turo min. "Karanta."

"Iye! Yaya, yaushe kika koma albasa ba mu da labari?"

"Ni da albasa sai a ɗakin girki."

Ta jawo durowa, ta ɗauko tsohon almakashin, ta yanke layin da sunanta yake, ta miƙo min ɗan siririn.

"Kai masa. Ka ce na gode, amma ko albasa ɗaya ban auna ba. Wanda ya sa suna a maƙala cewa yake yi, idan an sami ƙarya a ciki a kama ni. Ni idan an kama ni me zan ce? Sannan ka gaya masa na cire hannuna. Mataimakina ne zai riƙe ta, shi zai zaɓi masu tantancewa. Ban karanta ba, kuma ba zan karanta ba sai ta fito."

"To ki faɗa masa da kanki mana."

"In na kira shi durƙusawa zai yi. Ba na iya magana da hula."

Na kai saƙo. Mai Albasa ya karɓi siririyar takardar da hannu biyu kamar an ba shi lambar yabo, ya ce ya fahimta. Matarsa ce ba ta fahimta ba.

"Kawu, mene ne laifinsa? Girmama ta fa ya yi."

"Girman ne ya yi mata nauyi, 'yata."

"Kai kullum wasa. To ta cire sunanta, mun ji. Amma ta ɗan duba ta nuna masa inda zai gyara, shi ma haram ne? Uwar wa ce ba za ta yi ba?"

Na ce tata.

Masu tantancewa suka maido da maƙalar. Ɗaya ya ce aikin yana da kyau, sai dai a lokacin rani kawai aka yi gwajin, dole a maimaita da damina a ga ko maganar za ta tsaya. Damina kuwa ba ta san jadawalin ƙarin girma ba. Kafin ta zo ta wuce, an rufe na bana. Hanya ɗaya ta rage, kwamitin editoci ya yarda a buga a haka. Ranar zaman kwamitin 'yar ta tasa ni gaba sai na je na roƙi uwarta.

A baranda na same ta, zaune a kan benci a ƙofar ofishinta, tsakanin wasu ɗalibai da suka takure kamar an zaunar da su kusa da garwashi. Daga ciki ana jin muryoyi.

"Yaya, korar ki aka yi?"

"Ni na kori kaina. Maganar surukina suke yi."

Na zauna, na rage murya. "Kin san ba sai kin yi magana ba. Ki shiga ki ɗauko jakarki kawai, ki ɗan yi tari. Za su gane."

"Na sani. Shi ya sa nake nan."

"Shekara guda fa zai rasa."

"Akwai malamin da aka mayar wa tasa maƙalar bara, ba shi da suruka a nan. Shi ma shekara ya rasa." Ta juya fensirin da ke hannunta. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ita ta aiko ka?"

"Ita ce."

"Ƙaramin jikan nawa ya daina tarin nan?"

Kwamiti ya bi maganar mai tantancewa. Ƙarin girma ya wuce Mai Albasa, abokan shigarsa aiki suka haye suka bar shi. 'Yar ba ta yi faɗa da kowa ba, zuwa kawai ta daina. Gaisuwa ta koma ta hannuna, na zama gidan waya mai ƙafa biyu. Yaya kuwa ba ta fasa sayen biskit ɗin jikoki duk ƙarshen mako ba, gwangwani ya cika har murfi ya ƙi rufuwa. Na taimaka iya ƙarfina.

Mai Albasa ya maimaita gwajinsa da damina. Duk wanda ya wuce ta bayan ɗakin ajiyarsa sai ya share hawaye. Da ya gama, sakamakon ya fito kusan yadda ya faɗa tun farko.

"Ka gani ko, Kawu?" in ji matarsa. "Shekara guda a banza."

Shi kuwa a hankali ya ce, "Da zato nake yi. Yanzu na sani."

"Kai ma ka zama ita," ta ce, ta shige ciki.

Maƙalar ta fito a fitowa ta gaba. Wata ranar hutu ina gidan Yaya ina aikin gwangwani, sai ga hayaniyar yara a tsakar gida, uwarsu na biye da su. Ta gaida mahaifiyarta gaisuwar da ba yabo ba fallasa, ta ciro mujallar daga jaka, ta buɗe ta ajiye a kan tebur.

"Ga shi. Sunansa shi kaɗai. Yanzu dai ya halatta ki karanta ko?"

Yaya ta sa tabarau. Ta fara daga sama, hannunta ya lalubo fensir da kansa. Ta kai tsakiyar shafi, bakin fensirin ya soma sauka a kan wani layi.

"Mama."

"Na'am?"

"Ajiye fensirin nan."

Yaya ta dubi fensirin, ta dubi 'yarta. Ta miƙa wa ƙaramin jikan, ta ce ya je ya zana mata mota. Sannan ta gyara zama ta ci gaba da karatu, 'yar kuma ta cire mayafi ta tambayi wa ya cinye biskit ɗin yara.