Hoton Nura da na hana

Jiya ina tuyar masa a ƙofar gida a unguwar Fegge, nan ƙasar Ibo, sai ga waya. Wai mai sharhin waƙoƙi ne daga Arewa, yana son hoton ɗana Nura, Allah ya jiƙansa, zai yi shiri a kansa.

Na gane muryar. Lokacin da Nura ya fitar da albam ɗinsa na farko na rap, shi ne ya ce yaron ya kwaɓa Hausa da Buroka da Ibo, wannan hayaniyar tasha ce. Nura ya kunna min sharhin, yana dariyar yaƙe. Ya ce, "Umma, da wane baki zan yi? A nan kika haife ni."

Bayan wata biyu tirela ta take shi a kan babur ɗinsa na haya a mahaɗar Upper Iweka.

Na ce, "Malam, ba kai ka ce hayaniyar tasha ce ba?"

Ya ce, "Hajiya, sai yanzu muka fahimce shi."

Na ce, "Waƙoƙin ba su canza ba. Mai su ne ya mutu."

Na kashe wayar, ban ba shi hoton ba. Ku faɗa min, na yi laifi?