Ranar da Na Nemi Zafi a Diffa

Shekara shida ina tuƙa motar nan ban taɓa murɗa maɓallin zafi ba. A Diffa wa zai nemi ƙarin zafi? Na san dai yana nan, shuɗi a gefe ɗaya, ja a ɗayan, makanikai suna ce masa shofaj. Ranar da na fara murɗa shi zuwa ja, ba zan manta da ita ba.

Tsakiyar sanyi ne, lokacin shanyar tattasai. Ƙanwata ta haihu a wani ƙauye gaba da Geskeru, bakin Komadugu, cikin nata wata bakwai kacal. Gari na wayewa muka isa ni da Inna, mahaifiyarmu. Aka buɗe mini zani na ga jaririyar. Ba ta fi tafin hannuna biyu ba, kuma ba ta kuka.

Ungozoma ta ce, "Ku kai ta lopital, asibitin Diffa, yanzu yanzu. Kar ku bari sanyi ya taɓa ta, shi kaɗai ya isa ya ɗauke ta."

Sanyin bakin kogi kuwa har cikin ƙashi yake shiga. Inna ta zauna gaba, ta cusa jaririyar cikin rigarta, ƙanwata ta kwanta a baya. Na ta da mota, na bari inji ya ɗauki zafi, na murɗa maɓallin. Iska ta feso mai sanyi kamar ruwan randa.

"Kai! Kashe abin nan!" in ji Inna. "Kashe mini ita za ka yi?"

Na kashe, na fita na ɗaga bonet. Ni ba makanike ba ne, ɗan kasuwar tattasai ne, amma tsoro ya sa na bi abin daki-daki. Fanka na aiki, tunda iska ta fito. Allurar zafi tana tsakiya, inji ya yi ɗumi ke nan. Ruwa bai ragu ba. Na bi tiyon da ya kamata ya kai ruwan zafi cikin mota, sai na ga ya lanƙwaso ya koma inji abinsa. A jikin bangon inji ga bakin bututu biyu a toshe da tsumma.

Nan na tuna. Wata bazara can baya shofaj ɗin ya fara yoyo, makanike ya tambaye ni ko a gyara. Na yi dariya na ce, "Zagaye shi kawai, ni da nake neman inuwa." Haka kowa ke yi a garinmu, har ina jin na yi wayo.

Mijin ƙanwata yana tsaye kusa da ni. Ya ruga gonarsa, ya yanko siririn tiyon da yake shayar da irin tattasai, ya haɗo da waya. Muka kashe inji, amma ba mu da haƙurin jira ya huce. Muka zare tsohon tiyon, muka cire tsumma, ruwa na tururi, muka haɗa bututun biyu da inji, muka ɗaure da waya, muka cika da ruwan kogi. Na sake tayarwa, na sa tafin hannuna a bakin iskar. Sanyi. Na ji kamar in kurma ihu. Can sai ta fara sassautawa, ta yi ɗumi, da warin tsatsa.

Yoyon nan dai yana nan inda na bar shi. Ba mu yi nisa ba ruwan zafi ya fara ɗiga a kan ƙafata ta dama, wadda ke kan totur, ni kuma silifas ne a ƙafata. Ban ɗaga ba. Tsorona ruwan ya ƙare inji ya tsaya, a hanyar da a shekarun nan ba wanda ke son tsayawa a kanta saboda rashin tsaro. Ido ɗaya a kan hanya, ɗaya a kan allura, tana ta hawa a hankali.

"Inna, tana numfashi?"

Salati kawai take yi. Na sake tambaya. Daga baya ƙanwata ta ce, "Yaya, don Allah ka bar tambaya." A raina na riga na gama: gawa na ɗauko, kuma dariyata a garejin nan ce ta kashe ta.

A shingen shiga gari soja ya sunkuyo, na sauke gilashi kaɗan. 'Yar iskar da ta shigo ce ta taɓa ta ko me, ban sani ba. Wani siririn kuka ya fito daga cikin rigar Inna, kamar na ɗan akuya sabon haihuwa. Sojan ya ja baya ya ce, "Wuce, wuce!" Sai a ƙofar asibiti na ga fatar ƙafata ta saɓule.

Tabon yana nan har yau. Yarinyar tana aji uku yanzu, baki kamar reza. Duk sanda ta gan ni ina alwala sai ta yatsine fuska ta ce, "Kawu, ƙafarka ba ta da kyau."

Nakan ce mata gaskiyarta ne.