Sawun da Ban Ɗebe Ba

Ranar wata Juma'a ce, cikin sanyin watan Janairu na 2012, ina da shekara tara. Na kife wani tsohon turmi a bayan zanar gidan Nomau mai cajin waya, na hau kansa, na manna idona a wata kafa da akuya ta ci a jikin zanar. Farantin gyaɗar da mahaifiyata ta aza mini yana ƙasa, kaji na ta zagaya shi, ko a jikina. Daga ciki, ƙarƙashin bishiyar bedi, mazan ƙauyenmu ne maƙil, wasu a tabarma, wasu a kan takalmansu, sun zuba wa tele, wato talabijin, ɗaya tilo ta garin ido, injin wuta da muke kira gurup yana ta tari a gefe. 'Yan ƙwallon ƙasarmu ne ke wasansu na biyu a gasar kofin Afirka, karon farko da muka taɓa zuwa tun da aka kafa duniya, in ji tsofaffi. Kowa a wurin nasara yake roƙa wa ƙasa. Ni kuwa, Allah Ya sani, kwana huɗu kawai nake roƙo.

Bari in faɗi dalili. A ƙauyenmu, can gabas da Cadawa, in an gama girbi an jera damman gero a rumbu, mai gida yakan ware abin da mata da yara za su lallaɓa da shi, sauran ya ɗaure bakin rumbun ya jibga masa ƙaya, ba mai taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka. Daga nan maza su kama hanyar cin rani, don kowane baki da ya bar gida, tiyar hatsi ce ta tsira. A shekarar kuwa ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ke fidda kai, abin da muka kwaso daga gona ko rabin rumbu bai kai ba. Babana, Hamisu, ga-ruwa yake yi a Kaduna duk rani, kuma bisa al'ada ko kara ba ya tsayawa tarawa yake tafiya. Ban taɓa sanin sanyi da uba a gida ba. Tun ina rarrafe, da an ce iska ta juya, na san buhun Baba ya sauko daga rataye.

Amma a wannan shekara sai ya ƙi tafiya. Shekara da shekaru yana shan tsiya a teburin mai shayi can Kaduna. In ana hirar ƙwallo ya sa baki, sai abokansa su ce, "Kai ɗan Nijar, bari mu zo kan maganar raƙumi, sai mu neme ka." Yakan ba mu labarin yana dariya, amma ko ni da nake yarinya na san abin na cinsa. Da aka ce yaranmu sun samu shiga gasar, sai ya ce wannan kam a kan ƙasarsa zai gan ta, cikin mutanensa. Kakata, wadda na ci sunanta, ta yi faɗa har ta gaji. Ta ce ita ba ta taɓa jin an dama fura da balo, wato ƙwallo, ba. Shi kuwa ya durƙusa gabanta ya ce, "Iya, ki yi mani haƙuri. Randa aka hidda yaranmu, washegari in ɗau buhuna in tahi. Na yi maki alkawari." Ina gindin murhu ina fifita wuta na ji wannan magana, na kuwa riƙe ta gam.

Wannan sanyin shi ne mafi daɗi a rayuwata, ko da yake kunu ya fi tuwo yawa a gidanmu. Da yake ba ya iya faɗin sunan mahaifiyarsa, Uwani yake kirana, in na yi ɓarna kuma ya ce shi bai isa ya daki uwarsa ba. Da hantsi, in babu lakol, wato makarantar boko, mu hau amalanken jaki mu tafi ɗebo kara, ya ba ni linzami ya ce in tuƙa, jakin ya raina ni ya tsaya cin ciyawa, Baba ya yi ta dariya har da hawaye. Da yamma ya zauna gindin danga yana tufka igiyar kaba, ni ina miƙa masa, 'yar rediyonsa mai ɗaurin roba tana rataye a reshe. A lakol kuwa ba a zancen komai sai balo. Yara maza sun dunƙule tsumma da leda sun ɗaure da zare, kowa ya ɗauki sunan ɗan wasa, mu mata ko kusa ba a bari mu je sai dai mu ɗauko musu in ta faɗa cikin ƙaya. Mushe, wato malaminmu, ya zana mana teburin gasar a allo, ya ce nasara maki uku, kunnen doki maki ɗaya. Ni da ninkin bakwai ya gagare ni wata guda, wannan lissafi a zama ɗaya na haddace shi, don ni kaɗai na san abin da nake ƙirgawa.

Akwai wani aiki kuma da yake nawa ne ni kaɗai a gidan. Kakata tana da wata al'ada da ta ce a wurin tata kakar ta gada, tun kafin su ƙauro daga wajen Katsina. Duk ranar da Baba zai tafi, da ya taka ƙofar gida ya ba da baya, sai ta sa ni in tsuguna in ɗebi ƙasar sawunsa na dama. A ƙulle ta a tsumma, a soke a rufin ɗakinta, ba za a kwance ba sai ranar da ya dawo, a watsa ta inda aka ɗebo. Ta ce sawun da ke gida shi ke jawo mai shi, kuma hannun yaro kawai ke ɗiba. Shekara huɗu ina yi, shekara huɗu yana dawowa da ruwan farko, da sabulu da 'yan kunne na roba. Ban taɓa shakkar cewa ni ce ke maido shi ba.

Wasan farko, ranar Litinin, masu masaukin baƙi suka ci mu biyu babu ko ɗaya. Mutane suka ce ai baƙunta ce, yaran ba su saba da irin wannan taro ba. Mushe ya ce in muka yi ko kunnen doki ne ranar Juma'a, muna da sauran numfashi har Talata. Shi ya sa nake bisa turmin nan. Ana farawa Larabawan da muke karawa da su suka jefa mana ɗaya, kafin in gama haɗiye yawu namu suka rama. Wayyo, ihun da aka yi. Na hango Baba ya miƙe tsaye ya rungume Bala mahauci, mutumin da suka shekara ba sa ga maciji saboda iyakar gona. Daga nan aka yi ta ja, rana na sunkuyawa, ni ina karanta duk surar da na iya, har da wadda ban iya ba. Liman ya kira magariba, tsofaffi biyu-uku suka tashi, sauran kowa ya yi kamar bai ji ba, wai saura kaɗan. Saura kaɗan ɗin ne kuwa. Ana gab da tashi, wani dogo daga cikinsu ya kutsa ya zura ta a ragarmu.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, sai ƙarar gurup kawai. Can sai wuri ya kaure. Habu tela, wanda ya ɓata kwana uku yana ɗinka tutoci da ƙyallayen da suka rage masa, ya fizge ta jikin kekensa ya cusa a aljihu, ya tura keken gida bai hau ba. Bala mahauci da ya rantse zai raba tsire kyauta in an ci, ya naɗe namansa a takarda yana zagin alƙalin wasa har kakanninsa. Wasu suka ce an yi wa ragar Larabawan asiri, wasu suka ce yunwa ce, yaron da ya tashi da kunu ina zai iya gudun awa ɗaya da rabi. Samari manya, masu gemu, na gan su suna share hawaye da bakin riga. Wani Bafulatani da ya baro shanunsa ya leƙo, bai ma san ƙa'idar wasan ba, ya girgiza kai ya ce, "Yaran suna da gudu, makiyayi ne ba su da shi." Liman kuwa da ya fito masallaci ya tsaya bakin zana ya ce, "An kira ku kun ƙi amsawa, kuna so ku a amsa maku?" Baba bai zagi kowa ba. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Da ya fito ya same ni ina kuka, sai ya ɗauki farantin gyaɗata da kansa, abin da namiji ba ya yi a garinmu, muka taho gida.

Da asuba rediyo ta tabbatar an fitar da mu. Na fito na tarar buhun ya sauko, mahaifiyata na zuba wa Baba garin ƙuli-ƙuli a leda. Na tare shi na ce ai akwai wasa na uku, Mushe ya faɗa, sai Talata. Ya ce, "Uwani, wancan na cika ƙa'ida ne. Na yi wa Iya alkawari, kuma rumbu bai san balo ba." Raina ya ɓaci, irin ɓacin ran yaro da ba ya ganin gabansa. Na ji haushin 'yan wasan, na ji haushin rumbun, na fi jin haushinsa shi da ya iya ɗaure buhu yana murmushi. Na zagaya bayan gida na shige ƙarƙashin rumbun, inda kaji ke fakewa, na kwanta rub da ciki. Ina jinsa ya kira ni. "Uwani." Na yi shiru. Ya sake kira daga tsakar gida, ya kira na uku daga ƙofa. Sai na ji ya yi 'yar dariya ya ce da kakata, "Ƙyale ta, Iya, hushin uwa ba shi kwana. Ga rediyo nan, a ba ta ta ji wasanta na Talata." Daga nan sai ƙarar amalanken da zai kai shi tashar Cadawa.

Sai da rana ta ɗaga na fito, na tuna da sawun, na ruga ƙofar gida. Ashe an riga an kora awaki kiwo ta nan, mata sun wuce rijiya sun dawo. Babu komai a ƙasan sai kofato da sawun wasu. Na duba, na sake dubawa, har da rarrafe. Da na rasa, sai na dumbuzi ƙasa daga inda na ga dama, na ƙulle, na kai wa kakata na ce ga shi, na samu. Ta karɓa ta soke a rufin ɗaki. Ranar Talata na kunna rediyon ni kaɗai a gindin danga, aka sake cin mu, ban ma ji zafi ba.

Cikin bazara, ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka, aka bugo waya gidan Nomau. Zazzaɓi ne na kwana biyar ya ɗauke Baba. Abokansa na teburin mai shayi, masu yi masa tsiyar raƙumi, su suka yi jinyarsa, su suka kai shi makwancinsa. Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ni ma na faɗa da baki. Amma duk lokacin da na shiga ɗakin kakata na ɗaga kai na ga ƙullin nan, sai in tuna ƙasar da ke ciki ba ta sawunsa ba ce. Na tabbata ni na kashe ubana. Shekara bakwai ina ɗauke da wannan, ban gaya wa ko mahaifiyata ba. Sai da kakata ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, ina shafa mata man zafi a ƙafa, na faɗa mata ina kuka. Ta kalli rufin ta ce, "Takwara, ai ina kallonki ta kahwar zana kina rarrahe. Ƙasa ba ta maido kowa. Ina sa ki ne don hannunki shi samu abin yi, kada ki bi shi da kuka."

Yau ina aure a Agye, ina da ɗiya biyu. Ƙwallo ta koma cikin waya, kowa da tasa a tafin hannu. In an ci 'yan ƙasarmu, samari su yi zage-zagensu a wayar, kafin gari ya waye sun koma kan wasan Turawa. Ba a taruwa gindin bedi, ba mai ɗinka tuta, Nomau ma ya sayar da gurup ɗinsa. Har yanzu maza na tafiya cin rani, mai gidana ma yana cikinsu, amma ana jin muryarsu kullum, ba wanda ke ɗibar sawu. Rediyon Baba na nan cikin akwatina, robar ta tsinke, ban sake ɗaurewa ba. Na daɗe da yafe wa 'yan wasan nan, yara ne su ma, sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Maganar kakata kuma ta sauke mini nauyin ƙullin ƙasa. Abin da ba ta iya sauke mini ba shi ne kiran nan uku. Ina kwance ƙarƙashin rumbu, taku goma tsakaninmu, ina jinsa sarai. Da ma na amsa ko guda ɗaya.