Yaya Haruna Ya Saki Nijar, Mu Kuma Muka Ƙi Kama Shi

Shekara goma sha uku ke nan da muka kai Yaya Haruna makwancinsa, kuma har yau in na tuna shi ba hawaye ke fara zuwa mini ba, fushi ne. Na san ba da fushi ake tuna mamaci ba. Addu'a ake yi masa, kuma ina yi, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa. Amma wanda ya ga abin da na gani ba zai zauna ya jera kalmomi masu sanyi don a ce masa dattijo ba.

Abin da ya tayar mini da tsohon mikin nan wani shiri ne da na ji a rediyo makon jiya. Wani bawan Allah, da muryarsa ta wanda bai taɓa kwana da yunwa ba, yana ta ɗaga murya cewa duk baƙon da ke son zama a ƙasar nan ya ajiye takardar ƙasarsu ya karɓi tamu, in ba zai iya ba ya tattara ya koma. Ya ce da zarar mutum ya yi haka, shi ke nan, ya zama namu. Na kashe rediyon don kada in jefar da shi. Ni na san wanda ya yi hakan, na kuma san abin da muka saka masa da shi.

Yaya Haruna mijin yayata Hajara ne. Daga wani ƙauye kusa da Matamaye yake, can cikin Nijar, wurin da in ka tsallaka iyaka ta Kongolam da hantsi za ka yi azahar a cikinsa. Yana saurayi ya shigo garinmu, nan cikin masarautar Daura, lokacin babban farin da ya cinye dabbobi. Ya fara da jan igiya a kara, kasuwar dabbobi, har ya zama dillalin da in ya ce saniyar nan lafiyarta lau, mai saye ba ya ƙara buɗe bakinta. Nan ya yi aure, nan ya gina gida, nan ya binne 'ya'yansa biyu da ƙyanda ta ɗauke. Hausarsa tamu ce, alƙiblarsa tamu ce, tuwon da yake ci shi muke ci. Bambancinmu kawai shi ne in ya fusata sai ya kira makaranta lakwal, mu kuma mu sa masa dariya. Ni ina ce masa ɗan Faranshi, shi yana ce mini ɗan Ingilishi mai shan shayi ba sukari.

Yana da wata al'ada da ba ya ketarewa. Duk shekara in gero ya nuna, ba ya sa sabon hatsi a baki sai ya je gonar ubansa ya ci tumu, wato zangarniyar sabon gero da ake gasawa a murje. Yayarsa Tabawa ce ke gasa masa da hannunta. Yakan kwashi yara su tafi, ni ma na bi su sau da yawa. Su dawo da damin gero na rabonsa a kan amalanke, yara baki duk baƙi. Babu wanda ya taɓa ganin laifin wannan, a can ko a nan.

Matsala ta taso ne a kan Binta, babbar 'yarsa. Yarinyar nan ta gama sakandare da sakamako mai kyau, kuma tun tana ƙarama ba ta da zance sai na aikin jinya. Makarantar da take so ta ce sai da takardar asali, wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa don shaida cewa kai ɗan wurin ne. Ga wanda bai sani ba, wannan takarda ba ta tambayar inda aka haife ka, ba ta kuma tambayar uwarka. Uba take bi. Binta a ɗakin kakata aka yanke mata cibiya, uwarta Badauriya ce gaba da baya, amma aka ce ubanta ba ɗan ƙasa ba ne.

Mai unguwarmu na lokacin, Allah ya jiƙansa shi ma, ya kira Yaya Haruna zaure, ina zaune. Ya ce: "Malam Haruna, wannan ai ba abin damuwa ba ne. Ka kawo mutum biyu su ce nan aka haife ka, ni in sa hannu. Rabin unguwar nan haka suka yi."

Yaya Haruna ya ce: "Ranka ya daɗe, Juma'ar da ta wuce liman ya ce shaidar zur tana cikin manyan zunubai. Yanzu in ɗauko Musulmi biyu in sa su yi ta saboda ni? Kuma in ce Tabawa ba ciki ɗaya muka fito ba?"

Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, gari duk ya ɗauki wa'azi. Kowa ya ji huɗubar nan. Amma a cikin duk waɗanda suka cika sahu ranar, ina jin shi kaɗai ne ya ɗauka da gaske ake. Kuskurensa ke nan, in kuskure ne. Ya zaci tunda an ce an dawo kan gaskiya, to ƙofar gaskiya a buɗe take. Ya ce zai bi ta hanya, zai nemi zama ɗan Najeriya kamar yadda doka ta tsara, in ya so Binta ta samu takardarta da halaliya.

Ba zan iya lissafa wahalar da ya sha ba. Yau Katsina, gobe Abuja, jibi a ce jami'in ya tafi taro. Ya bar kasuwa ranar da ta fi ci, ya kwana a tasha, ya dawo da tari. A nan ne na gano wani abu da har yau yake ci mini rai. Da a ce ni ne na auro mace daga Matamaye, da rajista kawai za a yi mata ta zama 'yar ƙasa saboda ni. Amma Yaya Hajara, da aka haife ta a nan kamar ni, ba ta isa ta ba mijinta ƙasa ba. Shekaru suka yi ta tafiya, ƙawayen Binta suka shiga makaranta suka fito, ita tana gida tana saƙa hula. Daga baya ta yi aure, amma littattafanta ba ta yar ba.

A wancan zamanin dokar Nijar ba ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu ba. In ka karɓi wata, taka ta tafi. Ya san haka, ya kuma amince, saboda 'yarsa. Abin da bai yi tsammani ba shi ne yadda labarin zai isa ƙauye. 'Ya'yan wansa suka samu abin da suka daɗe suna nema. Suka je gaban hakiminsu suka ce ga shi ya rantse ya bar ƙasa, don haka baƙo ba shi da rabo a gonar gado. Ban ce abin da suka yi daidai ne a shari'a ba, amma wa zai tsaya masa a can? Shekarar da ya je cin tumu na ƙarshe ina tare da shi. Tabawa ta gasa, ta murje, ta ajiye masa a faifai ba ta miƙa masa a hannu ba. Ta ce: "Haruna, an ce ka ɗaga hannu gaban gwamnatin Ingilishi ka ce ba ka san mu ba." Ya yi ta bayani, tana kallon ƙasa. Muka dawo babu dami ko ɗaya.

To, ya biya wannan farashi, takardar zama ɗan ƙasa ta fito. Ranar ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya ce in raka shi ofishin da ake ba da takardar asali. Jami'in ya juya takardar, ya yaba kyan hatiminta, sannan ya mayar masa. Ya ce: "Baba, ina taya ka murna, yanzu kai ɗan Najeriya ne. Amma wannan ba ta ce kai ɗan ƙaramar hukumar nan ba ne. Asali daban, zama ɗan ƙasa daban. Mahaifinka ɗan wace gunduma ne?"

Yaya Haruna ya ce: "To yanzu ni ɗan ina ne?"

Jami'in ya ce wannan ba aikin ofishinsu ba ne, ya kira na bayanmu.

Wallahi ranar na yi magana a ofishin nan irin wadda ban taɓa yi wa mutum ba, har sai da shi Yaya Haruna ya ja ni waje yana ba ni haƙuri, kamar ni aka cuta. Mutum ya shekara kusan arba'in a gari, ya biya haraji, ya yi aikin gayya, ya ɗauki makarar iyayenmu, ya saki ƙasarsa da gonarsa da 'yar'uwarsa, a ce masa har yanzu bai iso ba. Maƙwabcinsa kuwa, da muka san daga ƙauyen da ya fito a hayin iyaka, tuni 'ya'yansa uku suka karɓi tasu ta hanyar mutum biyu da sa hannun mai unguwa, kuma shi ne ke zama sahun gaba yana gyaɗa kai in ana wa'azin shaidar zur.

Bai daɗe ba bayan nan. Ya rage zuwa kara, ya rage wasa, ya daina kirana ɗan Ingilishi. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi da damina, ya rasu gero bai nuna ba. Tabawa ba ta zo ba, ta dai aiko a yi mana gaisuwa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Shekaru kaɗan bayan rasuwarsa Nijar ta sassauta dokarta, ta yarda ɗanta ya riƙe ƙasa biyu. Wato abin da ya raba shi da gidan ubansa, da ya yi jinkiri kaɗan, da ba a ma nema ba. Da ya ga yadda aka riƙa rufe iyakar nan, 'yan'uwa na bin daji da dare kamar ɓarayi don zuwa jana'izar juna, na san zai ce abin da ya saba faɗi, cewa Turawa sun ja layi sun tafi, mu muka tsaya muna gadinsa. Ga mai rediyo kuwa, ina jin tambaya ɗaya zai yi masa: in na ajiye tawa, me ka tanadar mini? Ni ban ce kada ƙasa ta san waɗanda ke cikinta ba. Amma rashin kunya ne ka ce mutum ya saki abin da ke hannunsa alhali kai ba ka shirya ba shi komai ba. Ku fara gyara maganar asalin nan, ku fara ba mace ikon da kuka ba namiji, sannan ku zo ku yi wa baƙo wa'azin kishin ƙasa.

Me ya rage na Yaya Haruna? A kara har gobe in dillali ya cika rantsuwa, tsofaffi kan ce ina ma Haruna. Wannan ya rage, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Binta ma ta zama ma'aikaciyar jinya, sai dai ku ji yadda aka yi. Shekara ba ta zagayo da rasuwarsa ba, babban wanmu Lawal ya kai ta ofishin nan a matsayin 'yarsa ta cikinsa. Mutum biyu suka shaida, aka sa hannu, takarda ta fito kafin la'asar. Ta sake zana jarrabawa da sabon suna, makaranta ta ɗauke ta. Na yi faɗa da Yaya Lawal har muka daina gaisawa na wani lokaci, amma ita ban iya ce mata komai ba. Shekarunta nawa aka ci tana jira?

Watan jiya hawan jini ya kai ni asibitin da take aiki. Ta zo da farar rigarta tana ɗaura mini abin awo a hannu, idona ya sauka kan ɗan allon sunan da ke maƙale a ƙirjinta. Binta Lawal. Ta ga inda nake kallo, ta sa hannu ta rufe shi.

Ta ce: "Kawu, don Allah ka daina kallo. Ni ma kullum da safe sai na rufe ido nake maƙala shi."