Geron Iya Gambo na Mamudo

Ko na tsufa haƙorana sun zube ina tauna tuwo da dasashi, ranar da na koma gidan Iya Gambo ba za ta fita daga kaina ba. Ku sababbin leburori da kuke tambayata dalilin da ya sa nake goge kwalbar da babu komai a cikinta, ku saurara.

An ɗauke ni aiki a ɗakin ajiyar iri na ofishin gona a nan Potiskum bayan farin 1973, ina ɗan shekara goma sha shida. A lokacin ƙafafuwana kamar karan dawa suke, in iska ta taso sai na rungume bishiya. Maigidana shi ne Malam Bukar, malamin gona, mutumin Borno. Shi ya koya mini aikin: in hau keke in bi ƙauyuka, in roƙi cikin tafi ɗaya na kowane irin gero da dawa da maiwa, in cuɗa da toka saboda ƙwari, in zuba a kwalba. Rabi ya zauna a nan, rabi a aika babbar tashar bincike. Ya ce kowane iri da baiwarsa, wani yana jure fari, wani kuma tsuntsu ba ya son sa, kuma ba wanda ya san wanne duniya za ta nema gobe.

Keken ofis kuwa, komai nasa yana ƙara ban da ƙararrawar. Tun ina unguwar Dogo Tebo a nan cikin gari karnukan ƙauyen Mamudo suke sanin na taso.

A Mamudo aka ce in nemi Iya Gambo, wata tsohuwa Bangizimiya. Geronta gajere ne mai gashi, yana nuna da wuri, tun kafin ruwa ya ɗauke. A shekarar farin gonarta ce kawai ta ba da wani abu, ta yi ta raba wa maƙwabta har rumbun ya ƙare. Abin da ya rage shi ne dami ɗan ƙarami na iri, rataye a saman murhu, hayaƙi ya mai da shi baƙi.

Na durƙusa na gaishe ta, na zuba mata daɗin baki, har na ce Gwamna da kansa ba ya barci saboda geronta. Ta yi dariya ta kira ni ɗan banza mai bakin ganga, ta ce ko ƙwaya ɗaya ba zan samu ba. A gidansu iri ba ya fita ƙofa sai mai shi ya fara zuba nasa a rami, in ba haka ba albarkar ta bi baƙo.

"Jikana, ka dawo bayan ruwan shuka," in ji ta. "Zan cika maka hularka."

Na ba Malam Bukar shawarar in koma da tsani in ta tafi rijiya. Ya ja kunnena har na ji kamar ya kai Damaturu. Ya ce aikinmu roƙo ne, wanda ya saci iri sau ɗaya ya rufe mana ƙofar gari duka. Mu jira.

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar. Da ya sauka, washegari na hau keke, har da aron babbar hular Malam. Gari duk an fita shuka, amma na tarar da Iya a zaune a tsakar gida, jikarta Hadiza tana kwance a cinyarta, wuyanta kamar zare. Na ɗaga kai na dubi saman murhu. Igiya ce kawai take lilo.

Ta ce yarinyar ta kai inda ba ta iya kuka, gidan babu ko dusa, sai ta sauke damin ta daka ta dama mata kunu. Na duba turmi, na share ƙasan murhu da hannuna, na bi maƙwabta gida-gida. Kowa ya cinye wanda ta ba shi.

"Uwata ta ba ni shi ranar da aka kawo ni gidan nan," ta ce. "Ita ma uwarta ta ba ta. A hannuna ya ƙare."

Ta kwance igiyar ta sa mini a hula, wai kada in koma hannu banza.

Hadiza ta warke, yanzu har jifana take yi da wasa in na wuce. Iya ba ta ga kakar shekarar ba. Na tambayi geron nan har Fika da Nangere, ban same shi ba.

Tun daga nan Malam ya sa doka: da kaka ake zuwa roƙon iri, lokacin da hannun manomi yake a buɗe. Ni kuma abin da na koya shi ne, manomi ba ya cin irinsa sai abin da ya fi iri ya kwanta a cinyarsa, don haka kada in ji ɗayanku ya zagi wanda ya ci. Ku dai riga yunwa isa ƙofarsa.

Igiyar tana cikin aljihuna. Kwalbar kuwa kada wanda ya zuba mata gyaɗa, ina goge ta ne ko wata rana wani zai shigo da gero gajere mai gashi.