Ɗan Mai Fito, Likitan Shanu

Hamani Siddo bai taɓa riƙe ƙahon saniya ba sai da ya kusa shekara ashirin. A Gaya aka haife shi, a unguwar bakin Kwara. Ubansa Siddo mai fito ne, yana ƙetarar da mutane da kayansu zuwa Malanbil a babban kwalekwale. Lakwal ma, wato makarantar boko, ba da son gidansu ya shiga ba. Kwamanda, Baturen da ke mulkin garin, shi ne ya ce kowace unguwa ta ba da yaro, mai unguwa ya nuna shi. Sai ga shi karatu ya karɓe shi. Daga Gaya aka kai shi Doso, daga Doso sai Yamai, inda ya gama babbar makaranta a shekarar da yaƙin Turawa ya ƙare.

Su goma sha huɗu suka fita tare. Aka tura wasu koyarwa, wasu gidan waya, wasu aikin akawu. Hamani koyarwa ya so, amma da aka liƙa takarda sai ya ga sunansa cikin masu zuwa Bamako koyon aikin dabbobi. Da ya zo gida da labarin, Siddo ya dube shi ya ce:

"Shanu kuma? Ai ko akuya ba mu da ita a gidan nan."

"Haka suka rubuta, Baba."

"To, Allah ya sa albarka. In sun gagare ka, gora tana nan, ruwa bai ƙafe ba."

Innarsa Zuwera ta cika masa tukunya da bandar kifi. Kamiyo, babbar motar kaya, ya kai shi Gawo, daga can ya shiga jirgin ruwa mai hayaƙi, suka yi kwana goma sha biyu suna hawan kogi. Har ya manyanta yana cewa bai yi tafiya mai daɗin wannan ba. Yakan zauna a goshin jirgi yana kallon ruwan, yana tunanin wannan ruwan ne dai zai gangara ya wuce ta ƙofar gidansu. A Bamako ya yi shekara uku. Ɗaki ɗaya suka zauna da Cha'ibu, wani ɗan Maraɗi mai yawan magana, kuma keke ɗaya gare su. Ranar Lahadi sukan goya juna zuwa bakin kogi, Hamani ya yi iyo, Cha'ibu ya tsare masa riga yana karanta jarida.

Wurin aikinsa na fari Tanut ne, ƙasar Damargu, inda ake jan ruwa da raƙumi daga rijiya mai gaba arba'in. Aikin shi ne yi wa shanu allurar bushiya, cutar da kan share garke cikin mako biyu. Yana yawo bisa raƙumi, maganin na cikin akwati an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu don kada rana ta kashe shi.

Rugar farko da ya sauka ta Arɗo Dodo ce, wani dattijon Bafillace mai jajayen shanu masu dogon ƙaho. Arɗo ya ba shi nono, ya saurari bayaninsa duka, sa'annan ya ce:

"Malam, a ina ka yi kiwo?"

"Ban yi kiwo ba, Arɗo. A makaranta na koya."

"To, ga karsana can. In ka kama ta, na ba ka sauran."

Hamani ya naɗe hannun riga ya nufe ta ta baya, yadda aka saba a Bamako da shanun da ke ɗaure. Shuri ɗaya ta yi masa ya faɗi zaune cikin kashin shanu, matan ruga suka rufe baki da gefen zane. Ya tashi ya sake nufarta yana ɗingishi. Wannan komawar ce ta sa Arɗo ya miƙe. Ya kama masa hannu, ya nuna masa yadda ake zuwa ta gefe ana yi mata magana, yadda ake sa yatsu a hanci a murɗa wuya har ta kwanta da kanta. Rabin garken kaɗai ya yarda aka yi wa allura. Da rani bushiya ta shigo Damargu, kuma waɗanda aka yi wa ne suka tsira. Shekara na zagayowa Arɗo ya koro shanunsa har Tanut, da na ƙannensa biyu.

A Tanut ɗin ya auri Kaltuma, ɗiyar wani madugu. Daga nan sai ƙaura ta bi ƙaura. Takarda kan zo, su ɗaure gado da tukwane bisa kamiyo. Sun yi shekara uku a Ngigmi, kusa da tabkin Cadi, inda ya sake cin ɗanyen kifi bayan dogon lokaci, inda kuma suka binne ɗiyarsu ta fari, Aisata, da zazzaɓi ya ɗauke tana shekara biyu. Ranar da za su tashi zuwa Filinge, Kaltuma ta ƙi hawa mota sai da ta kewaye ɗan kabarin da ƙaya. Duk gidan da suka zauna takan shuka lalle a bayan ɗaki, kuma ba ta taɓa tsinkar ganyensa ba kafin a sake tashinsu.

A Filinge Cha'ibu ya same shi, cikin 1958, sanye da kwat, da mota da direba. Ya bar aikin dabbobi ya shiga siyasa. Suka ci tuwo, suka bi abokan makaranta ɗaya bayan ɗaya: wane ya zama babba a gidan waya, wane yana Dakar, biyu sun rasu.

"Turawa sun kusa tafiya," in ji Cha'ibu. "Kujeru za su yi yawa, masu takarda kaɗan ne. Zo Yamai, in sama maka ofis mai fanka."

"In da za ka yi mini alheri, abokina, ka sa a maida ni Gaya. Tsoho ya tsufa. Shekara goma sha uku ke nan, sau huɗu na gan shi."

"Gaya? Ai komawa baya ne."

"Na sani."

Bayan wata huɗu takardar ta zo. Aka ba shi duba shanun da fatake ke ƙetarwa zuwa Dahome. Kaltuma ta samu gida mai katanga, ta haifi namiji a cikinsa, amma kwalekwale dai ta ce ba da ita ba.

Gayar da ya tarar ba wadda ya bari ba ce. An gama babbar gada, kamiyoyin gyaɗa na bi ta kanta dare da rana. Mafitar da ya yi wasa a cikinta ta zama wurin wanki. Kwalekwalen Siddo na kife a kan tudu, kaji na kwana ƙarƙashinsa, shi kuwa tsohon ya ce ƙafarsa ba za ta taka gadar ba.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, Siddo ya ce, "Hamani, raka ni in ga abin nan nasu." Suka taka a hankali har tsakiya. Tsohon ya dafa ƙarfe ya leƙa ƙasa. Can ya fara nuni da sanda. Ga gurbin da dorina ta kifar da wansa. Ga tudun yashin da yakan huta in ruwa ya ja. Ga inda igiyar ruwa ke murɗawa, wadda ya yi shekara hamsin yana kauce mata da gora.

"Ashe haka Kwara take daga sama," ya ce. "Ƙarama ce."

Ba su ƙarasa Malanbil ba, suka juyo. Siddo ya rasu da damina, Hamani na tallafe da kan tsohon. Hamani kuma ba a sake tashinsa daga Gaya ba. Makiyayan da suka san shi a Damargu, in sun biyo da shanu, sukan kwana biyu a ƙofar gidansa kafin su ƙetare.