Turmin Hajara a Ƙarƙashin Motar Tsakuwa

Hajara ta Badafi, Allah ya jiƙanta, ban taɓa ganin mace mara yarda irinta ba. Ko ludayi ta ba ki aro, sai ta raka shi da ido har ƙofa.

Lokacin da ake gyaran hanyar Tudun Wada, tun Turawa na ƙasar nan, mijinta Ladan ya shiga aikin lebura. Rannan da hantsi tayar wata ƙatuwar motar tsakuwa ta fashe a bayan gidansu. Aka ɗaga motar da jak, to damina ce, ƙasa ta jiƙe, jak ɗin sai nutsewa yake.

Ladan ya shigo gida ya ce, “Direba na son aron turmi, a tokare motar kafin a cire tayar.”

Ta ce, “Malam, wa ya san asalin mutumin nan? In ya jefa shi a mota ya wuce, ina za ka gan shi?”

“Ke dai kawo.”

Turminta biyu: sabo na ƙirya, da wani tsoho mai tsaga. Ta shafe tsagar da laka, ta gangaro masa tsohon. Sannan ta laɓe a jikin danga tana leƙen direban, wai kada ya gudu da shi.

Aka cire taya. Sai ta ga direba ya koma gefe, Ladan ne ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar, zai cusa dutse a gindin jak. Nan ta ji turmi ya ce ƙas. Ta san kukan nan, kullum shi yake mata in tana daka.

Ko mayafi ba ta ɗauka ba. Ta tsallake danga, ta kama ƙafafun mijinta ta finciko shi. Turmi ya dare biyu, mota ta zauna daidai inda ƙirjinsa yake. Hularsa ma a ƙarƙashi ta tsaya.

Ta koma gida da kanta ta gangaro sabon, amma ta tsaya a gefensa da taɓarya a hannu har aka ɗaura taya.

Daga ranar, duk motar da ta lalace a wajen, sabon take bayarwa, ta bi abinta ta yi gadi. Har ta rasu tana cewa direban nan dai ta ga irin kallon da yake wa turminta.